Mutum Biyar na Kawu Manzo

"Ki ce mata ta rubuta biyar, Balki. Biyar kawai. Wa zai taso daga ƙasar Turawa ya zo Dogo-Dogo ya ƙirga mini mutane?"

Da wannan kawunki Manzo ya tarbe ni yau da hantsi a bironsa, ofishin nan nasa na Dungass, takalmina ɗaya a ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, ko kwanan iyali bai tambaya ba. Ni ba zan yi koyi da shi ba. Assalamu alaikum, Ummi. Ina fata takardar nan ta same ki kin sauka Dungass lafiya, hanya ba ta kwance miki ƙasusuwa ba, direba kuma bai haɗa ki kujera ɗaya da bunsuru ba. Allah ya tsare ki a tafe da zaune, ya haɗa ki da mutanen kirki, sauran kuma ya ba ki idon gane su da wuri.

Zan cusa ta a ƙasan jakarki, ƙarƙashin atamfofi, don sai kin yi nisa za ki gan ta. Kin san dalili. Na yi shekaru a jami'a a Yamai, na tsaya gaban direktoci na yi gardama da Faransanci har murya ta dushe, amma ke 'yar fari ce. Bakina ba ya iya zaunar da ke ya yi doguwar magana, ko sunanki na yanka ba ya iya kira, ga shi kuma sunan mahaifiyata ne aka sa miki. Karatu bai warkar da ni daga wannan ba. Alƙalami kuwa ba shi da kunya, shi ya sa na ɗauko shi.

Ga abin da ke jiranki, tunda na san kawunki bai shimfiɗa miki shi a fili ba. Ya ɗauke ki aikin kula da ordinatocin, wato kwamfutocin, kasuwancinsa: mangazar Dungass, da ta Dogo-Dogo, da ta Mallawa, da ta Waca, inda yake sayar da dusa da ƙwayar auduga da maganin dabbobi. Ya sayi sarbar, babbar na'urar nan da ke riƙe da lissafin dukan mangazun, ya ajiye shi a Dungass. Yanzu wani furoje, shirin taimakon makiyaya, yana son ba shi kwangilar raba abincin dabbobi a ranin bana, kuma masu furojen sun ce sai mai kula da ordinatoci ya sa hannu cewa duk lojisiyal ɗin, wato manhajar cikin ordinata, da ake aiki da shi yana da lisans cikakke. Mai kular ke ce. Lisans ɗin shiga guda biyar ya saya. Masu shiga sarbar ɗin sun wuce biyar nesa ba kusa ba. Yana son hannunki a ƙarƙashin biyar ɗin, kuma ya kira ni ne don in ba ki umarni, tunda ya san ba kya musu da ni.

Kada ki ɗauki kawunki ɓarawo. A idonsa abin da ubanmu ya yi yake yi. Kakanki ya yi noma da kiwo a dajin Waca har ya rasu, ban taɓa jin ya faɗi yawan shanunsa ba. Ya san kowace da sunanta da na uwarta, idan ɗaya ta makara a dawowa tun daga nesa zai gane, amma ka tambaye shi nawa ne, sai ya ce, "'Yan kaɗan ne, alhamdu lillahi." Rabin dalilin tsoron baki ne, rabin kuma tsohon tsoron mai karɓar jangali. Inna ma haka. In baƙuwa ta ce 'ya'yanki nawa, sai ta ce, "Akwai su." A gidanmu lamba ta gaskiya ba abin da ake miƙa wa baƙo ba ce. To ga shi Allah ya kai ki sana'ar da gaba ɗayanta ƙirga kawuna ce, a gaban ɗan wancan tsohon. Ba ni na zaɓa miki ba, amma ni na riga ki shiga, don haka saurara.

Lokacin da kike lakwal, kina 'yar makaranta, ni ce mai kula da ordinatoci a ƙungiyar manoma da makiyaya a nan Magarya. Ni na dage sai an sayi sarbar. Na rubuta dalilai, na zana hotuna, aka yarda. Ranar da ɗan kasuwar ya kawo shi daga Damagaram, yana kwance kwali ya ce, "Madam, lisans ɗin shiga nawa zan sa a faktir ɗin kuɗi?"

Na ce, "Mun riga mun biya lisans."

Ya ce, "Na sarbar kuka biya. Na masu shiga fa?"

Ban sani ba. An koya mini yadda na'urar take tunani, ba a koya mini yadda masu ita suke tunani ba. Kamfanin da ya ƙera lojisiyal ɗin yana sayar miki da izinin kunna shi, wannan guda. Sannan duk wanda zai amfana da shi, ya buɗe dosiyen takardu, ya duba abin da ya rage a mangaza, ko ya tura takarda injin bugawa ta cikinsa, sai an saya masa nasa izinin daban. A takardunsu za ki ga haruffa uku, CAL, abin da suke nufi ke nan. Dole na koma gaban shugaban ƙungiya, wani dattijon makiyayi da muke kira Baba Ardo, in ce masa kuɗin da na rantse sun isa ba su isa ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya shafa gemu ya ce, "Wato, 'yata, saniyar mun saye ta, amma duk wanda zai sha nono sai ya biya tsohon mai ita?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Wannan mutum ya iya ciniki. Da ɗana ne da na huta."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Daga ranar ban sake yarda da abin da mai sayarwa ya faɗa da baki ba, ban kuma sake yarda da abin da nake zaton na sani ba. Ki nemi takardar sharuɗɗan ainihin lojisiyal ɗin da ke kan sarbar ɗin kawunki, ki karanta ta da kanki, ko da za ta sa ki barci sau uku. Ba duka suke tafiya hanya ɗaya ba. Wani ana ƙirga masu shiga, wani ana ƙirga ƙarfin na'urar a ƙyale mutane, wani ƙarami yana zuwa da 'yan mutanensa a ciki kuma ba ya wuce nan. Kada ki ɗauki abin da na sani a zamanina ki ce shi ne na yau. Su ma suna canja ra'ayi kamar masu motar kasuwa ranar da fasinja ya yi yawa.

Abin da zai fi ruɗa ki shi ne ƙofar ba ta da mai gadi. Ki sayi biyar, mutum talatin su shiga, sarbar ɗin ba zai ce uffan ba, zai yi musu aiki da fara'a. Lisans ɗin takarda ce da alkawari, ba kwaɗo ba ne. Kawunki zai nuna miki allon ya ce, "Ga shi yana tafiya, ina matsalar?" Gonar maƙwabci ma ba ta da ƙofa, kuma shanu suna shiga lafiya lau. Shi ya san abin da ke biyo baya, ya sha zuwa gaban mai gari a kan haka.

Kuskurena na biyu girman kai ne ya jawo shi, kuma shi ne zai fi yi miki amfani. Lisans ɗin shiga iri biyu ne. Akwai na mutum: ki saya wa Wane, ya shiga ta duk na'urar da ya ga dama, ordinata ko salula, a biro ko a ƙarƙashin itacen bedi. Akwai na na'ura: ki saya wa ordinata ɗaya, duk wanda ya zauna a gabanta ya shiga, ko gari guda ne. Ni na zaɓi na mutum ga kowa da kowa, saboda na dawo daga Yamai da tunanin kowane ma'aikaci mutum ne guda, da sunansa da kujerarsa. Na ƙirga sunayen da ke karɓar albashi, na saya daidai su, na ji daɗin kaina.

Sai na je Mallawa. A takarda magatakardan mangazar ƙungiya mutum ɗaya ne, wani Habu. Na shiga na tarar da wani mai kama da shi a gaban ordinata.

Na ce, "Kai ne Habu?"

Ya ce, "Ƙanensa ne. Ya tafi shara a gona."

"Gobe zai dawo?"

"Gobe wanmu ne zai zauna, ni zan kai shanu rijiya. Ranar kasuwa kuma matar Habu, ta fi mu saurin hannu."

Na ce aikin na waye a cikinku? Ya dube ni kamar na tambayi ruwan sama na waye, ya ce, "Na gidanmu ne." Kuma gaskiyarsa. A can aiki na gida ne, kamar gona da moto mai ƙafa biyu da jaki. An ba gidan kujera, gidan yana aiko wanda ba ya da abin yi a ranar. Na so in hana, Baba Ardo ya ce in na hana, ranar da damina ta faɗi zan tarar da mangaza a kulle. Lisans na mutum ɗaya na saya, mutum huɗu ke shiga. Da na na'ura na saya, guda ɗaya ya wadatar da gidan Habu har jikoki.

Don haka kada ki ƙirga daga takardar albashi. Ki hau moto ki je kowace mangaza, ki zauna ki sha ruwansu, ki ga da idonki wa ke taɓa me. Inda ordinata ɗaya ce hannuwa da yawa, na na'ura. Inda mutum ɗaya ne yake yawo, irin kontabul ɗin kawunki, mai riƙe masa lissafin kuɗi, da yau yana Waca gobe yana Dungass, yana shiga ta salularsa da ƙaramar ordinatarsa da ta duk wanda ya samu, na mutum. Ana iya haɗa su biyun a wuri ɗaya, muddin kin san irin da kika ba kowa, kin kuma rubuta. Idan kin yi wannan da kyau, za ki ga lambar gaskiya ba ta kai yadda kawunki yake tsoro ba. Bai san haka ba, domin bai taɓa yarda a ƙirga ba.

Zai kawo miki wata dabara, yau ma ya gwada ta a kaina. Ya ce, "Ai ba sa shiga lokaci ɗaya. Kuran ɗin lantarki ma ba ya barin su. In Dogo-Dogo na da wuta, Mallawa ba rezon waya. Ban taɓa ganin biyar sun haɗu a ciki ba." Na ce masa ba masu shiga lokaci ɗaya ake ƙirgawa ba, duk masu shiga ne, ko da wani sau ɗaya yake leƙawa a wata. Kuma lisans ba zanen aro ba ne da za a kwance wa wannan da safe a ɗaura wa waccan da yamma. Ana iya mayar da shi ga wani idan mai shi ya bar aiki ko na'urar ta mutu, amma akwai tazarar da suka gindaya, tana cikin takardar.

Sai dabarar suna ɗaya. Wannan ba ni na ƙirƙiro ta ba, amma na gan ta na kau da kai, saboda na gaji da zama mai cewa a'a. A ƙungiya aka wayi gari kowa yana shiga da sunan Baba Ardo, kod ɗin sirrin kuwa sunan wata saniyarsa ce da duk ƙasar ta sani. Suka ce ai yanzu mutum ɗaya ne ke shiga. Ba ya rage komai, Ummi. Mutum ashirin su sa rigar mutum ɗaya, ashirin ake ƙirgawa. Haka idan an sa wani ɗan lojisiyal a tsakani yana tattara saƙon kowa yana miƙawa ta ƙofa ɗaya, na bayan ƙofar ake dubawa. Amma bar batun kamfani. Wata rana aka goge lissafin dusar mangaza guda, na duba in ga wa ya yi, na'ura ta ce Baba Ardo ne. Ta ce a safiyar nan ya shiga daga Waca, ya shiga daga Dogo-Dogo, ya shiga daga Magarya. Bawan Allah yana Makka a lokacin, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗora yatsa a kan ordinata ba. Mutum biyu aka zarga, suka yi shekara ba sa gaisawa, har yau ban san ko ɗayansu ya yi ba. Ko a kan ordinata ɗaya ce, kowa ya shiga da sunansa da kod ɗinsa. Wannan ba don Turawa za ki yi shi ba.

Na ce miki ƙofar ba mai gadi. Akwai guda da ke da shi, kuma shi ne ya koya mini hankali a gaban jama'a. Lokacin da muka samu rezo a ƙauyuka, na shirya yadda masu mangaza za su riƙa aiki a kan sarbar ɗin daga nesa, allonsa yana bayyana a gabansu kamar suna zaune a Magarya. Na kunna, ya yi. Na ce to, lisans ɗin shiga da muka saya ya ɗauke wannan ma. Ashe aiki daga nesa yana da nasa lisans, ƙari a kan na farko, kuma suna ba ka wasu watanni kyauta kafin su rufe. Wani ɗan saƙo yana ta fitowa a gefen allo, ina ta ture shi kamar ƙuda. Na kunna abin a kaka. Ki lissafa da kanki lokacin da watannin suka ƙare.

Tsakiyar rani. Makiyaya sun taru a mangazar ƙungiya ta Dogo-Dogo tun safe da jakuna da amalanke, wasu sun kwana a hanya, ana jiran a raba dusa a kan rahusa. Sunayen waɗanda suka cancanta da rabon kowa suna cikin sarbar, sarbar kuma ya ce bai san mu ba. Na hau moto na isa can rana tsaka. Na ga shanun da ake ɗagawa da sanduna saboda ba sa iya tashi da kansu. Dusa tana cikin mangaza, kile, makullin ƙofar, yana hannun mai mangaza, amma ya ƙi buɗewa don kada a ce ya raba son rai. Wata tsohuwa mai 'yan tumaki ta kama mayafina ta ce, "Ke ce uwar na'urar?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "To ki roƙe ta. In fushi take yi da ke, mu ba mu yi mata komai ba."

Na ce a buɗe, a kaina. Muka raba da kaye da bik, littafi da alƙalami kawai, dattawa suna shaida wa ke da me. Mun gama, amma ba kowace dabba ce ta kai yamma ba. Ba na kuka a kan wannan, kuma ba na son ki yi mini. Ina son ki tuna kwangilar da kawunki yake nema irin wannan rabon ce, a irin wannan watan, ga 'ya'yan waɗannan mutanen. Mangazunsa uku daga nesa suke aiki. Ranar farko, kafin ki nemi inda za ki sa tabarmar salla, ki duba ko an sayi lisans ɗin aiki daga nesa ko a kan watannin kyauta ake tafiya. Na tambaye shi yau, ya ce, "Wanne ne kuma wannan?" Kin ji amsa.

Wani ƙaramin abu kuma: in an sabunta sarbar zuwa sabon fitowa, tsofaffin lisans ɗin shiga ba sa bin sa. Sabo yana buɗe tsoho, tsoho ba ya buɗe sabo. Duk wanda ya zo da murmushi ya ce zai sabunta muku a arha, ki tambaye shi wannan, ki ga ko murmushin zai zauna.

Kada ki karanta duk wannan ki ɗauka ina ƙaunar masu lojisiyal ɗin. Mutanen da ba su san inda Dungass take a taswira ba, sun zauna a ɗaki mai sanyi sun tsara yadda matar Habu za ta biya kuɗin ƙofa kafin ta duba buhu nawa ya rage a mangazar garinsu. Ban taɓa ganin adalci a ciki ba, kuma na faɗa a duk taron da aka yi kuskuren ba ni magana. Amma wanda bai son sharaɗin mutum sai ya bar masa kayansa. Akwai lojisiyal na kyauta da ba ya ƙirga kowa, yana son haƙuri da ilimi ne kawai, kuma kina da na biyun, na farkon ma kin fi ni. Wannan shi ne ƙin da nake girmamawa. Amma a ci kayan mutum a rubuta ƙarya, sannan a nemo yarinyar da ta fito makaranta jiya a ce ta sa sunanta a ƙasa, wannan ba jarunta ba ce. In masu furojen suka aiko mai bincike, ba sunan Alhaji Manzo zai gani a takardar ba. Shi zai ce, "Ni ɗan kasuwa ne, me na sani a ordinata? Ga wadda na ɗauka." Kuma ba zai ji ya yi ƙarya ba.

Don haka kada ki je masa da wa'azi, ki je masa da hanya. Ki ƙirga da kyau. Ki cire waɗanda ba su da dalilin shiga, za ki samu akwai su, har da ɗansa da ke kallon ƙwallo a ordinatar biro. Ki nuna masa abin da zai saya ya cika, ki nuna masa abin da za a iya mayarwa kan na kyauta da tsawon lokacin da zai ɗauka. In ya cika, ki sa hannu da babban baƙi. In bai cika ba, hannunki ya zauna a cikin mayafi.

Yadda za ki ƙi kuma, a nan kada ki yi koyi da ni. Na taɓa ƙaryata wani dattijon ma'aji a gaban taro, da Faransanci, da lambobin shafi. Na ci gardamar. Shekara biyu duk abin da na nema a bironsa sai a ce ya fita. A ƙungiya Madam A'a suke kirana, ban ji haushin sunan ba, har yau ban janye ko a'a ɗaya ba. Abin da zan canja kawai shi ne wurin da na faɗe su da harshen da na faɗe su. Ke ki durƙusa ki gaida kawunki, ki ci tuwon gidansa, ki yaba miyar. Ki bari sai ku biyu, ki ce, "Kawu, ba zan iya ba," da Hausa, murya ƙasa. Zai yi faɗa, zai ambaci kuɗin makarantar da ya taimaka da su, zai ce boko ya lalata zumunci. Ki ce, "Haka ne, Kawu, Allah ya saka da alheri. Ba zan iya ba." Kada ki ƙara kalma. Ƙarin kalma ne ya cinye ni.

In ya sallame ki, ɗakinki yana nan, ban ba kowa ba. Za a yi magana a dangi, za a ce 'yar Balki ce ai. Ki amsa, gaskiya ne.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na kujera. Ya sa ki ci halaliyarki da lafiya, ya kare miki sunanki, ya dawo mini da ke a kan ƙafafunki. Ki riƙa cin abinci kafin rana ta yi, kin san cikinki. Ki gaida matar kawunki, ba ruwanta a wannan.

Na san kina son jin yadda muka rabu. Ban bi shawarar da na ba ki ba. Da ya gama, na zauna a kan kafet ɗinsa na ce, "Yaya, bari mu gani ko biyar ne." Na fara da yatsu: mai mangazar Dungass da mataimakinsa, kontabul, sekreter, mai mangazar Mallawa da ƙannensa biyu. Ina kaiwa Waca ya miƙe tsaye.

"Bari, Balki! Ba a ƙirga mutane haka da baki, sai ki jawo musu wani abu!"

Na ce, "To na bari. Ita za ta ƙarasa."

Ya ce, "In ba za ta sa hannu ba, ba ta da kujera a wurina. Ki faɗa mata."

Na ce, "Kai za ka faɗa mata, gobe tana tafe. Amma ka san sunan da za a rubuta a ƙarƙashin biyar ɗin nan?" Sai na faɗe shi, Ummi. Sunanki na yanka, sunan Inna, cikakke, da bakina, karo na farko tun ranar da aka raɗa miki shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗaya ya ishe ni. Na ce, "Matar nan ta ƙi faɗa wa baƙi yawanmu, amma ba ta taɓa cewa mu biyu ne ba alhali mu bakwai ne. In kana son sunanta a kan wannan takarda, ka rubuta da hannunka."

Ya dubi takardar, ya kifa ta a kan tebur, ya ɗora salularsa a kai. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tashi ki tafi, Balki."

Ban san ko za ki tarar da kujera a Dungass ba. Ki je ki ƙirga.

Na sa takalmina duka biyu, a natse. Na so in bugo masa ƙofa yadda za a ji har tasha, amma kin san irin wadda ya sa, ta gilashi mai ƙarfe a sama, wadda ba ta yarda a buga ta, sai ta rufe kanta a hankali. Na tsaya a waje na jira ta har ta ce ƙyas, sannan na gyara mayafina na hau mota na taho gida in haɗa miki kaya.

Mahaifiyarki.